Galan ɗin Zamzam a Ƙarƙashin Kujera

Ni dai ban taɓa tuƙa abin da ya ci min rai kamar motar nan ba. Gida ce sukutum a kan tayoyi, da gado, da murhu, har da banɗaki. Da ka ɗan taka ta sai tukwane su hau kaɗe-kaɗe a bayanka.

Daga Umra muke dawowa, ni da kafil ɗina, wato maigidan da nake yi wa tuƙi a Doha, da mahaifinsa tsoho. Lokacin ana tsakiyar gasar cin kofin duniya. Mun kwana a Riyad, saura tafiyar yini guda. A ƙarƙashin kujerata akwai ƙaramin galan na ruwan Zamzam. Shekara uku Inna tana roƙona shi saboda ciwon ƙafa, cutar korona ta hana. Wani dattijo mai gadi da muke ɗaki ɗaya a unguwar Najma ya gama aiki, ranar zai koma Kano, kuma ya yarda ya kai mata sallahun. Sharaɗinsa ɗaya: bayan la'asar zai bar ɗaki.

Da mun tashi da asuba, da mun iso har da rara. Sai ƙarfe tara muka motsa, don tsoho ba ya shan gahawa mota na tafiya. Kafil ya dubi fuskata ya ce, "Kana da wani uzuri ne a Doha?"

Na ce, "A'a, ba komai."

Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Haka aka rene mu, ba ka ɗora wa babba buƙatarka tun da safe. Kana jira ya sake tambaya, sannan ka ɗan yi kwana-kwana ka faɗa. Shi kuwa mutumin nan sau ɗaya yake tambaya.

Muka kama hanya. Rairayi dama, rairayi hagu, iska tana tura motar kamar tana jin haushina. A Hufuf tsoho ya ce sai ya sayi dabino. Ya ɗanɗana na wannan, ya kushe na wancan, ya haɗu da wani abokinsa na tun zamanin raƙuma. Aka shimfiɗa darduma a inuwar motar, aka ɗora gahawa. Ni ina tsaye ina duba waya, ana miƙo min kofi, ina cewa na gode.

A kan iyaka muka tarar da motocin 'yan kallo, ga tutoci, ga ganguna. Nan dattijon ya kira ni, ya ce motar filin jirgi ta zo. Na roƙe shi da ƙarfi ya jira ni, har kafil ya jiyo. Da na yi wa kafil bayani sai ya dafe kai.

"Zamzam na mahaifiyarka? Kuma ka ce ba komai? Wallahi da asuba za mu tashi! Yalla, taka ta!"

Ina zan taka ta? Mota goma sha wani abu a gabana. Da muka shigo Doha an rufe tituna saboda wasa, ƙatuwar motar kuma ba ta shiga lungunan Najma. Na ajiye su a gidansu a Misaimir, na hau tasi da galan a cinya.

Da na isa ɗaki, gadon dattijon ba ko zanin gado, sai katifa. Na zauna a kai, sai ga saƙon murya daga Inna. Muryarta fes, tana dariya. Ta ce an gaya mata mutumin ya taso, ta riga ta yi wa maƙwabciyarta mai ciwon ido alkawarin kofi guda, ita ma tun jiya take jin ƙafar ta fara sauƙi.

Sai da na kwana uku kafin na iya kiranta.