Gishirin Bayan Rigar Malam

Ni na fara ganin ciwon nan, kuma a bahon wanki na gan shi. Tun ina amarya nake wanke wa Malam riga. Kullum ya dawo daga kasuwa a kan baƙin kekensa, bayanta fari fat da gishirin gumi, kamar an goga alli. Da ɗanmu na fari, wanda ba na kama sunansa, ya aiko masa da keke mai batir daga Kano, sai gishirin ya ɓace. Hannu kawai yake murɗawa keke ya tafi da shi, ƙafafu a ajiye kamar na mai jego. Tumbi ya fito, ga barcin rana, ga ƙishirwar da ba ta ƙarewa.

A asibitin Kazaure suka ce suga ne, suka ba shi ƙwaya, suka ce ya riƙa motsa jiki har ya yi gumi.

"Ai kullum ina kan keke," in ji shi da muka dawo.

Na ce, "Malam, buhun gero ma yana hawa jaki."

"Ke dai baƙin ciki kike, don ba a sayo miki ba."

Tsohon keken ya riga ya kyautar. To ni ba a yi mini gardama a kan abin da idona ya gani. Ranar kasuwar Roni na zare batirin, na sa a adakata na kulle. Namiji kuwa ba ya buɗe adakar mace. Ya yi faɗa har ya gaji. Ya haɗiye ƙwayarsa, ya ɗaura igiyoyin da yake sayarwa, ya fita yana taka wannan ƙaton ƙarfe mai nauyin maraƙi. Ko kallon kokon da na dama bai yi ba.

Da hantsi maƙwabciyata ta shigo aron turmi, ita ma mai suga ce. Ta ga kokon a rufe, na ba ta labari ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba.

"Yaya, ya sha ƙwayar nan cikinsa wayam? Ni da na yi haka, a bakin murhu aka tsince ni."

Na tuna hawan dutsen da ke kan hanya, inda samari ma sauka suke su tura. Aka yi azahar. Aka yi la'asar, lokacin dawowarsa, shiru. 'Yan kasuwa suna ta wucewa, ina daga bakin zaure ina tambaya, kowa ya ce yau bai ga mai igiya ba. Makullin adaka yana ƙulle a haɓar zanena, ina jin sa kamar garwashi. Me zan ce wa yaron nan in ya tambaye ni ubansa?

Rana ta yi ja sai ga amalanken shanu na wani Bafulatani, keke a kwance a ciki, Malam a zaune yana shan rake. A gindin dutsen Bafulatanin ya same shi yana karkarwa, ya ba shi fura da nono, ya kwantar da shi a inuwa har ya dawo hayyacinsa.

Malam ya zauna ya cinye tuwo. Sannan ya tuɓe rigar ya jefo mini. Bayanta fari fat.

"Ga gishirinki nan. Fito mini da batirina."

"Zan fito da shi. Amma sai a hawan dutse za ka murɗa, sauran hanya ƙafa. Kuma ba ka fita sai ka karya."

"In na murɗa a fili, wa zai gaya miki?"

Na ɗaga rigar na nuna masa, na jefa ta a baho.