Kusurwar da Inna ta daina sharewa

Shekarun baya, bayan mahaifina ya tashi daga ciwon da ya shanye masa ɓarin jiki, ba shi da wurin wuni sai gindin mangwaron tsakar gidanmu a Gwarzo. Mutum ne da bai saba zama ba, sai ga shi daga tabarma sai kujera. A nan ya tsiro da hirar wani fure. Wai yana yaro, a ƙauyensu na wajen Durun akwai wani kurmi a bakin rafi, idan damina ta yi nisa sai fure ruwan ɗorawa ya fito a ƙarƙashin itatuwa, inda rana ba ta kaiwa. Ko sunansa bai sani ba, kurmin kuwa tuni ya zama gonaki. Yakan ce, "Da zan ƙara ganin furen nan ko sau ɗaya, da na ji daɗi." Ya faɗa yau, ya faɗa gobe, har abin ya tsaya mini a rai.

Ni kuma a lokacin sabon malamin aikin gona ne a wata sakandare, ina ji da takardata. Na yi ta cigiya har wani abokina ɗan Garo ya ce ya san irinsa a bayan maƙabartar garinsu, inda ba a sare itace. Ya kawo mini irin a kwalin ashana, baƙi, bai kai girman riɗi ba, kuma ko gindin kwalin bai rufe ba. Na raba shi kashi uku.

Kashi na farko na yi masa gata irin na littafi: leda, taki, ban ruwa safe da yamma, a fili inda rana take. Ko ɗaya bai leƙo ba. Da ruwan farko ya sauka sai na tuna ai ɗan inuwa ne, na barbaɗa kashi na biyu a kusurwar bayan mangwaro, ban gaya wa kowa ba. Washegari na fito na tarar da wurin fes, har da zanen tsintsiya. Mahaifiyata ta kwashe irina ta kai juji tare da kashin kaji.

A nan sai na gaya muku wace ce mahaifiyata. Sama da shekara talatin tana share gidan nan sau biyu a rana. Ganye in ya faɗo, kafin ya gama juyawa ta tsince shi. Matan unguwa da ita suke yi wa 'ya'yansu faɗa: ku je gidan wance ku ga yadda ake tsakar gida. Ba ta da gwal, ba ta da shanu, wannan sunan shi ne abin taƙamarta.

Na koma wa abokina da kuka. Ya tambayo wani dattijo mai kula da maƙabartar, amsar kuwa gajeriya ce: abin nan ba ya fita a ƙasa tsirara, sai inda ganye ya zuba ya ruɓe, ba a taɓa shi.

Na sami mahaifiyata tana tankaɗe, na durƙusa na yi bayani da duk ladabin da nake da shi. Ta ajiye rariya.

"Wato bola kake so na tara a tsakar gidana?"

"Inna, 'yar kusurwa ce kawai, wata uku ko huɗu."

"Karatun naka ke nan? An tura ka ka koyo noma, ka dawo da ƙazanta?"

Mahaifina yana jin mu daga kujerarsa. Ya ce, "Kai, rabu da Innarku. Zancen tsoho ne kawai, kada ka takura mata." Ya faɗa da murmushi, amma daga ranar bai sake ambaton furen ba. Wannan shirun ya fi komai damuna.

Kwana uku bayan haka na fito da safe na ga tsintsiya ta yi kwana. An share ko'ina, an zagaye kusurwar bayan mangwaro, ganye huɗu ko biyar na kwance abinsu. Mahaifiyata ba ta kalle ni ba, ta ce, "In za ka zuba abin naka ka zuba, kafin na canja ra'ayi." Na tattaro busasshen ganye na shimfiɗa, na zuba kashin ƙarshe.

Daga nan ita ta sha wahalar, ba ni ba. Ganye ya taru, ruwa ya jiƙa shi, ya yi baƙi. Duk matar da ta shigo gaisuwa sai idonta ya sauka a can. Magana ta fara zagayawa cewa jinya ta sa ta saki gida. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta zo dubiya daga Kabo, ta ga wurin, ta ja tsaki ta ɗauki tsintsiya wai za ta taimaka. Ban taɓa ganin mahaifiyata da gudu ba sai ranar. Ta riƙe tsintsiyar ta ce, "Hajiya, bar shi haka, ni na ajiye." Ba ta ƙara bayani ba, gwaggo kuwa ta koma Kabo da labari. Kullum da la'asar mahaifiyata takan sa kara ta ɗaga ganyen a hankali saboda kunama, tana yi tana mita.

Tsiro uku suka fito. Kaji suka gama da biyu, ta kifa wa na ukun tsohon kwando mai huji. Ni mai takarda aikina tsayawa a kai ina gyaɗa kai.

Wajen ƙarshen damina, wata safiya, ya buɗe. Fure ɗaya tal, ruwan ɗorawa, siririn abu kamar ka hura ya faɗi. Muka tallafo mahaifina har wurin. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allahu akbar. Sannu, Innar yara. Allah Ya yi miki albarka." Ta ce, "Ni me na yi?" ta shige madafa da sauri.

Tana shigewa ya jawo hannuna ya rage murya. "Ba shi ba ne. Namu ya fi wannan faɗi, ganyensa kuma da gashi-gashi. Amma in ka gaya wa Innarku ban yafe ba."

Na yi masa alkawari. Da rana na shiga madafa ɗaukar ruwa, mahaifiyata tana tuƙa tuwo ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ka san ba furen babanku ba ne, ko? Tun yana ganye biyu na gane. A bakin kurmin nan na yi itace ina yarinya. Ka bar shi da farin cikinsa, kada na ji a bakinka."

Wato a duk gidan, ni malamin aikin gona ni kaɗai na yarda furen ne. Na riƙe amanar kowa, ina kallonsu suna yaba wa juna furen har ya bushe.

Mahaifina ya ƙara shekara biyu, Allah Ya ji ƙansa. Har yau in na tuna sai na ji dariya da ƙwalla sun zo mini tare. Na taso ban taɓa jin ɗayansu ya ce yana son ɗaya ba, ko sunan juna ba sa kira, sai a kan wannan ɗan furen na ga son nasu da idona.

Bayan ta fita takaba na kasa riƙewa, na gaya mata abin da ya faɗa mini. Ta yi dariya, ta sa bakin mayafi ta goge ido.

"Ashe ya sani," ta ce. "Wata huɗu ina zaune da bola ina lallashin mutumin nan, ashe shi ma lallashina yake."