Ranar da Yayana Ya Faɗi a Bakin Kanal

Yayana mahauci ne, yana kuma noman tumatir a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Idan an gama yankan shinkafa sai ya koma ɗan dambe. A filin sussuka ake yi, bayan la'asar, jama'a su kewaye, mai kalangu ya tsaya a gefe yana kiran kowa da takensa. Duk shekarun da na yi ina kallonsa ban taɓa ganin gwiwarsa ta taɓa ƙasa ba. Yakan sha naushi, fuska ta kumbura, Inna ta daina yi masa magana har kumburin ya saɓe, amma bai taɓa faɗuwa ba.

Wata shekara da rani, lokacin ina koyarwa a firamaren garinmu, wasu samari suka zo daga birni da kyamarori, tare da baƙi biyu daga ƙasar waje. Suka ce so suke duniya ta ga dambe na asali. Aka nuna musu gidanmu. Yaya ya ce in biyo shi, tunda ina jin Turanci.

Filin sussuka bai yi musu ba, wai akwai falwayar wuta da shagon cajin waya a bayansa. Suka zaɓi bakin babban kanal, inda ruwa da koren gonaki za su fito da kyau, kuma da hantsi, saboda haske. Aka tara 'yan kallo, aka ce masu rigar ƙwallo su koma baya. Suka ciro warki da tarin layu daga jaka suka rataya wa Yaya. Na matsa ɗaya da yatsa, na ji babu komai a ciki. Tasa layar guda ɗaya ce, ƙarama, yakan tura ta cikin zaren da yake naɗe hannu, ba wanda yake gani.

Sun zo da nasu ɗan damben, wani matashi mai ƙirar ƙarfi da suke tallatawa. Ya gaida Yaya har ƙasa. Sai shugabansu ya ja mu gefe.

"Maigida, a turmi na uku za ka faɗi. Labarin da muke so ke nan, babba ya miƙa wa na baya."

Yaya ya ce, "Ban iya ba."

Saurayin ya yi dariya. "Ai ba gaske ba ne. Kowa a nan ya san ka."

Suka yi masa alkawarin sabon injin ban ruwa. Nasa ya mutu a makon, ga tumatir ya fara fure. Ya daɗe yana kallon gonar tasa a tsallaken ruwa, sannan ya miƙa hannu aka naɗe masa. Mai kalangun, wanda tun yana saurayi yake yi masa kiɗa, ya sauke gangarsa ya ce shi ba zai kaɗa taken Yaya a kan wannan ba. Suka ce ba komai, za su saka kiɗa daga baya.

Faɗuwar farko ba ta yi musu ba, wai kamar mai shirin zama. Aka sake, aka kuma sakewa. A ta ƙarshe ya saki jikinsa gaba ɗaya, ƙeya ta bugi ƙasa, ya kwanta ido buɗe yana kallon sama. Baƙin suka tafa. A cikin mutanen garinmu kuwa ba wanda ya tafa. Sai da aka ce an gama, aka sake cewa, sannan ya tashi. A hanyar gida abin da kawai ya ce shi ne, "Ashe ƙasar da sanyi."

An kawo injin, tumatir ya yi kyau. Da damina ta shigo zazzaɓi ya kama shi, muka kai shi asibiti a Kura, bai dawo ba.

Bidiyon kuwa bai tsaya ba. Wata rana a motar haya daga Garun Mallam na ji wani kiɗa da ban sani ba yana fita daga wayar mutumin da ke kusa da ni. Na leƙa, sai ga Yaya yana faɗuwa a hankali, an rage gudun hoton, layun banza suna watsewa a ƙirjinsa.

"Malam, kalli yadda yaro ya kashe tsohon nan," in ji shi.

A bakin 'yan dambe kisa kayarwa ce kawai, na sani. Duk da haka sai da na riƙe kujerar gabana. Na ce yayana ne, kuma ya rasu. Ya yi masa addu'a ya kashe wayar. Kafin mu kai Kura na sake jin kiɗan daga kujerar baya.

Bayan matar Yaya ta fita takaba ta aika a kira ni. Ba ta taɓa ganin damben mijinta ba, mata ba sa zuwa. Ta ce ta ji ana maganar bidiyon a gidan biki, tana so ta gani. Na yi ta kawo uzuri, ta ce, "Malam, nuna min kawai."

Muka zauna a tabarma a tsakar gida. Ta kalli turmi na farko da na biyu. Da aka shiga na uku, Yaya yana tsaye ya miƙa hannun hagu, na dama a baya, sai ta ɗora hannu a kan wayar.

"Tsayar da shi a nan."

Na tsayar. Ta karɓi wayar ta riƙe da hannu biyu tana kallo har hasken ya ɗauke. Ta ce in sake kunna mata, a daidai wurin.