Eneas, Mai Rufe Ƙofar Ruwa a Hankali

Tun rana ba ta leƙo daga bayan duwatsun Mission ba, za ka ji tsohuwar a-kori-kurar Eneas tana tari a bakin magudanar ban ruwa. Baƙin kofi a gora, busasshen naman barewa a aljihu. Aikinsa buɗe wa manoman ciyawa ruwa daga rafi, da rufe shi. Ya haura shekara talatin a kai, ƙarshen watan nan kuma zai miƙa mabuɗi, gwiwoyi sun ƙi.

Ni direban motar haƙa ne. Ban yi boko mai nisa ba, ban kuma iya daɗin baki ba. Abin da idona ya gani zan faɗa.

Akwai wani kifi a ruwanmu mai ƙaton kai da ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa. Turawa suka dubi kan nan suka sa masa kifin bijimi. Mu ƙabilar Salish, 'yan asalin ƙasar nan, aay muke ce masa. Ba ya zama sai a ruwan da sanyinsa ke sara haƙori, ya kuma yi ƙaranci har doka ta hana kama shi a rafinmu. Ƙananansa kan bi ruwa su faɗo magudana. In an gama noma aka datse ƙofar ruwa lokaci guda, sai su maƙale a taɓo, hankaki su yi biki.

Eneas ba ya datsewa. Yakan murɗa ƙarfen ƙofar kaɗan ya tafi gida, gobe ya dawo ya ƙara kaɗan. Ya ce in kifi ya ji ruwa na ja, da kansa zai juya ya koma rafi. Masu taurin kai kuwa, ya shiga taɓo da bokiti ya kwaso su.

Sai ruwa ya ƙafe nake shiga yasar magudana, don haka a gabana ake rigima kan jinkirin nan nasa. Wata shekara Duane, mai gonar ƙarshe, ya zo yana kumfar baki, wai dusar ƙanƙara za ta sauka ba a yashe masa gefensa ba, duk saboda kifin da bai kai yatsa ba.

"Tsoho, kai ka haife su ne?"

"Su suka ciyar da kakata," in ji Eneas. "Kai ciyawarka shanu kawai ta sani."

Duane ya yi tsaki ya koma mota. Eneas bai ƙara ko rabin murɗi a kan na kullum ba.

Ya sha ba ni labarin kakar tasa. A bakin wannan rafin take shanya aay masu tsawon hannun namiji, hayaƙi na tashi, yara na satar gefe. Shi kansa rabonsa da ganin babba irin wannan tun gashinsa na baƙi. Wurare da dama a ƙasarmu sunan kifin nan suke ɗauke da shi, har inda garin Missoula yake zaune. Tsoronsa kada sunan ya rage a allon bakin titi, ruwan kuwa wayam.

Kawu Eneas, kai ne mai haƙurin da ba a biya. Kai ne ka sha zagi kan abin da ba zai taɓa yi maka godiya ba.

Makon jiya ya yi rufewarsa ta ƙarshe. Ya bi magudanar yana ɗingishi, ina biye da shi ta gaɓa, har ƙarshenta. Bokitin ya dawo da ruwa zalla. Na ce masa ai ya yi nasara, bana duk sun koma.

"Ko sun koma, ko ba su zo ba," ya ce. "Ban sani ba."

Mun gode, Kawu Eneas. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi. Wanda zai karɓi mabuɗin kuma ya ji da kyau: motata ba za ta shiga magudanar nan ba sai an rufe ta yadda Eneas ke rufewa. Mai sauri ya zo ya same ni.

Baɗi ka zo da kujera ka zauna a bakin ƙofar, Kawu. Bokitinka na cikin motata. Ni zan shiga taɓon, kai ka leƙa ka faɗa mana ko sun zo.