Gwaggo Tambaya Mai Tokar Buntu

Kafin masu turara shinkafa su gama kashe wuta, Gwaggo Tambaya ta iso bakin murhunsu da tsohon bokitinta. Tokar buntun shinkafa take kwasa. Ta tankaɗe, ta jiƙa, ta tace, sannan ta ɗauki tsintsiya da soso ta nufi gidan da kowa ke gudu. A ƙauyenmu na gefen Bunkure, in amai da gudawa ya shiga gida, ko dubiya daga zaure ake yin ta. Ita kaɗai ke wucewa har ƙuryar ɗaki.

Aikinta ba wani asiri a ciki. Tabarma da katifa a fitar da su rana su wuni. Kwanuka da tsummokara a tafasa. Randa a zubar da ruwanta, a dirje cikinta da toka, a kife. Daɓe ya sha tafasasshen ruwa, taga ta wuni a buɗe. "Ni ɗaki nake wankewa," in ji ta. "Mai ciwo ku kai shi asibiti, kada ku ɗora mini."

Mu kuwa manoman rani muna da wautarmu, kuma tana ci mini rai. Tunda maganin feshi na kashe tsutsar tumatir, sai muka ɗauka zai kashe cuta. Mutum ya taso daga gona da ragowar magani a injin feshi, ya ga asara ce a zubar, sai ya feshe ɗakin iyalinsa ya ja ƙofa.

Haka wani maƙwabcina, Sammani, ya yi bara da matarsa ta tashi daga jinya. Ya yi feshi da hantsi ya koma gona, bai san 'ya'yansa mata biyu sun shiga sun kwanta ba. Da aka farga, wari ya tsayar da mutane a ƙofa suna ta salati. Gwaggo ce ta shiga. Ta fito da babbar, ta koma ta ɗauko ƙaramar. Babbar ta rayu. Ƙaramar ba ta kai asibiti ba.

Washegari, ana zaman makoki, ta dawo da bokitinta. Sammani ya tare ta yana kuka.

"Gwaggo, wallahi tsafta na nufa."

"Na sani, ɗan nan. Ɗora mini ruwa a wuta."

Wuni ta yi tana dirzar ɗakin nan, tana shaƙar abin da ya rage. Tun ranar ƙirjinta bai koma daidai ba. Daga baya ko bakin kanal ɗin ban-ruwa ba ta kaiwa sai ta zauna ta huta.

Gwaggo, ke ce mai shiga inda dangi suka ja da baya. Toka ta tsattsage miki tafin hannu kamar gonar da aka hana ruwa, mu kuma da me muka saka miki? Da "sannu" daga nesa. Akwai gidajen da kika wanke waɗanda har yau ba sa haɗa kwano da ke. Wannan abin kunyar namu ne gaba ɗaya. Mun gode, ko da godiyar ta zo a makare. Allah ya sauƙaƙa miki numfashi, ya wanke ki kamar yadda kika wanke gidajenmu.

Watan jiya ɗanta Abdulsamad ya zo ya tafi da ita Kumbotso, kusa da likita. Kafin ta shiga mota ta ajiye kayan aikinta a zauren mai unguwa, ta ce duk wadda ta ji za ta iya ta ɗauka.

Jama'a, ba baiwa ake nema ba, zuciya ce kawai. Maganin gona a bar shi a gona. Damina ta gabato, lokacin da cutar ke zagayowa, kuma ƙauyen cike yake da mata da maza masu lafiya. Jiya na leƙa zauren. Kayan suna nan, har kaza ta yi ƙwai a cikin bokitin.