Fararen Shafuka Biyu

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, zauren Babanmu a Durun ba ya rabo da manoma. Tambayar kowa a kan zakka take: dami nawa ake fitarwa, gyaɗa tana ciki ko ba ta ciki. Baba ya daɗe da rubuta amsoshin da ajami, amma yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya kai takarda dab da hanci yake ganin rubutu. Burinsa bai wuce ya ga abin ya zama littafi kafin ganin ya tafi ba. Ni ne ɗan bokon gidan, ina koyarwa a Gwarzo, don haka aikin ya faɗo kaina.

Na mayar da shi boko, na riƙa zuwa wani shagon kwamfuta in an tashi daga makaranta. Rabin zaman namu jiran wuta ne. Injin kuma ya ƙi haruffanmu masu lanƙwasa, duk inda na ce ƙasa sai ya ce kasa, sai da muka sha fama kafin ya yarda. Da muka gama, shafi goma sha takwas ya tashi. Na sa faifan kwamfutar da aka adana aikin a aljihu na hau motar Kano zuwa maɗaba'a, ina ji da kaina.

Mai maɗaba'ar, wani dattijo da tawada ta rine wa yatsu, ya duba ya ce, "Malam, sha takwas ba ta ɗinkuwa."

Ya ninke takarda ɗaya ya ƙirga min: shafi huɗu. Haka ake jera su, wata cikin wata, a buga waya biyu a tsakiya. Ko sha shida, ko ashirin. Raina ya ɓaci, don a lokacin tsadar takarda ta ishi kowa. Amma rage maganar Baba ba zan iya ba. Na ce a yi ashirin, a bar biyun ƙarshe fari.

Ranar da na kawo littattafan, Baba yana zaure bayan la'asar. Na miƙa masa guda. Ya shafa bangon, sai ya juya shi, ɗinkin ya koma dama, yadda ya saba buɗe littafi tun yana ƙarami. Ya buɗe. Fari fat. Ya kai shi kusa da hanci, ya karkata wajen hasken ƙofa, ya daɗe yana dubawa.

"To, Alhamdu lillahi," in ji shi a hankali. "Idon ya riga littafin."

Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba. Na durƙusa na juya masa shi.

"Baba, na boko ne, ta hagu ake shiga."

Ya ga baƙaƙen layuka reras. Ba ya karatun boko, amma ya gan su, har ya bi ɗaya da yatsa. Sai ya yi dariya har da tari.

"Ashe ku ta ƙofar baya kuke shiga! To wannan filin da kuka bari, na wa ne?"

Na fara yi masa bayanin huɗu-huɗu, ya ce in bar shi haka nan, in miƙo alƙalami da tawada. A farin shafin ya rubuta bisimilla, ya bi ta da taƙaitaccen hukuncin da manyan baƙaƙe, saboda tsofaffi irinsa. Haka ya bi littattafan, biyu yau, uku gobe, ba ya bayar da ko ɗaya sai ya cike filinsa. Idon kuwa ya jira shi har ya gama.

Nawa yana nan, wayar ta yi tsatsa. Ni da na yi boko, har yau ta dama nake buɗe shi.