Buhun Inna a Cikin Jirgi

Ina wurin aiki a Birnin Kebbi yayana ya bugo waya. Ya ce gulbi ya haye gaɓa, ruwa ya kusa shiga tungarmu, ɗan ƙauyenmu na bakin gulbi, kuma Inna ta ƙi tashi. Na hau motar Argungu ban ko koma gida ba.

Da azahar na iske su. Ruwa ya shanye gonaki, ya fara cin gindin rumbu. Yaya ya samo aron jirgin ruwa ɗaya, ya loda buhunan farar shinkafar da ya noma da rani, wadda iyalinsa za su ci har kaka. Inna kuwa tana zaune a kan wani tsohon buhu. Jar shinkafa ce a ciki, irin da ta gada wurin mahaifiyarta. Kowace shekara takan rage wani abu na irin ta ajiye bayan shuka, saboda ta san halin gulbi. A gidanmu ba a suna ba a biki sai da tuwon jar shinkafa, Inna takan ce da shi ake gane Bakabe, ɗan asalin Kebbi.

"Inna, jirgi ya cika," in ji Yaya. "Ki bar shi, mu tafi."

"Ku tafi. Ni da wanga buhu tare za mu fita."

Dole muka ɗora shi, ta hau kansa ta zauna. Yaya ya kama gora yana tuƙi, ni ina kwarfe ruwa da ƙwarya. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai kai tafin hannu ba.

Da muka kai inda gulbi yake da ƙarfi, jirgi ya juya ya ba da gefe. Ruwa ya kwararo ciki har idon sawu. Na yi ta kwarfa, yana ƙaruwa. Ga wani kututture ruwa ya ɗauko, yana tahowa kanmu.

"Sai mun rage kaya!" Yaya ya daka min tsawa.

Buhun da ya fi kusa da hannuna na Inna ne. Na dube ta. Ta danƙe bakin buhun da hannu biyu, leɓunanta suna motsi da salati.

"Ba wannan ba," in ji Yaya. "Tura nawa."

Na sa kafaɗa na ture guda, na ƙara wani. Jirgi ya ɗago. Yaya ya kafa gora da dukan ƙarfinsa, kututturen ya goge mu ya wuce.

A gaɓa Yaya ya zauna cikin taɓo, ya kifa kai a gwiwa. Inna ta kwance buhunta ta zura hannu har gwiwar hannu. Ƙasan ya jiƙe.

"Ku nemo mini tabarma," ta ce. "In ba a shanya shi yau ba, tsiro zai yi."

Yaya ne ya tashi ya tafi nema.